Alhaki Kuykuyo Ne: labarin Rabi da abin da ya tona game da kuɗin cefane

Tun da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa cikin watan Maris na 2025, tambayar da ta biyo baya ita ce: to me za a karanta da shi? Matan Maraɗi da Damagaram dai sun daɗe da samun tasu amsar. Shekara da shekaru ke nan littattafan soyayya na Kano suna shigowa ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa tare da atamfa da kayan koli, ana aronsu daga ɗaki zuwa ɗaki, wadda ta yi lakkol ta karanta wa wadda ba ta yi ba. Maza da yawa na yi musu kallon shirme. Amma akwai guda wanda ya kamata duk ɗan kasuwa ya sa a karanta masa, domin da shi ake.

Sunansa Alhaki Kuykuyo Ne, na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Marubuciyar ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Muhammad, shugaban Najeriya da aka kashe a 1976. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure tun ba ta wuce shekara 13 ba, auren ya mutu, sai daga baya ta koma karatu a ajin yaƙi da jahilci. Ke nan ba jita-jita take rubutawa ba. An mai da littafin fim a 1998, sannan a 2012 wani kamfanin ɗab'i na Indiya mai suna Blaft ya fitar da fassarar Aliyu Kamal cikin Turanci.

Labarin a taƙaice: Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne a Kano, yana da rufin asiri, amma abin da yake ba matarsa Rabi na cefane ba ya isar ta da ƴaƴanta tara. Kuɗin da ya hana gida shi ya kwashe ya auro Delu, macen bariki. Rigima ta tashi, aka kori Rabi da ɗiyanta. Ta kama dafa abincin sayarwa, da shi ta riƙe yara. Ɗiyarta Saudatu ta samu miji mai hali. Shi kuwa Alhaji gobara ta cinye masa shago, amarya ta juya masa baya, ya dawo yana neman wadda ya wulaƙanta.

Abin lura shi ne, kishi ba shi ne ya fara rusa gidan nan ba. Tukunya ce. Kafin Delu ta shigo, Rabi ta riga ta saba cika cefane daga aljihunta. Wace ƴar kasuwa ce a Tawa ko Madawa ba ta san wannan ba? Maigida ya ajiye jika guda da safe ya fice, sauran kuwa ribar ƙosai ko ƙuli-ƙuli ko kuɗin adashi ne za su cike, har da sabulu da magani da takalmin yara. Alhali a shari'ar Musulunci ciyarwa da tufatarwa da muhalli wajibi ne a kan miji, dukiyar mace kuwa tata ce, in ta taimaka kyautatawa ce. Yau an wayi gari kyautatawar ta zama kamar haraji. Shi ya sa jarin mata da yawa ba ya girma: uwar kuɗin ma cikin miya take ƙarewa.

Su ma maza akwai nasu darasin na kasuwa. Wanda ya zari jari ya yi lefe da shagalin biki ya bar shagonsa ba garkuwa. Gobara kuwa ba tatsuniya ba ce. Dattawan Yamai na tune da wadda ta cinye babbar kasuwa a 1982, kasuwar Sabon Gari ta Kano ma ta ƙone a 2016.

Sai dai a nan ne nake ganin littafin ya yi wa masu karatu sassauci. Gobara ta rama wa Rabi, suruki mai kuɗi ya share mata hawaye. A zahiri, zawarawa nawa ne ke samun suruki irin wannan? Mazaje nawa ne suka kori iyali kuma kasuwarsu ta ci gaba da bunƙasa? Ita ma Delu an shafa mata baƙi ƙirin, ba a tsaya an tambayi abin da ya kai ta bariki ba, alhali sau da yawa macen bariki bazawara ce da aka kora ba ko sisi. Inda marubuciyar ta faɗi gaskiya mai ɗaci shi ne ƙarshe: bayan duk wahalar da Rabi ta sha, maza ne suka taru suka matsa mata ta karɓi mijin, ba don ranta ya so ba.

A ƙasarmu, mace irin Rabi ba ta da wata rubutacciyar dokar iyali da za ta dafa. An yi yunƙurin kafa ta a wajajen 1994, ƙungiyoyin addini suka ƙi. An sake gwadawa a 2011, nan ma aka janye. Maganar aure da saki tana bin al'ada ne, daga gaban mai unguwa ko sarki zuwa alƙali. Al'ada kuwa takan ba uba yara da zarar sun ɗan tasa, ko da yake a mazhabar Malikiyya da muke bi uwa ce ke da haƙƙin reno, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, uba kuma ya ci gaba da ciyarwa. Mata ƙalilan ne suka san haka. Ƙari a kan wannan, binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan mata an aurar da su kafin shekara 18, kashi 28 kafin 15. Yarinyar da aka cire daga lakkol, in an sake ta da goyo, da me za ta fara?

Hukumomin Kano sun zaɓi faɗa da littattafan: a 2007 gwamna Ibrahim Shekarau da kansa ya jagoranci ƙona wasu da aka ƙwace a hannun ɗalibai mata, wai suna ɓata tarbiyya. Rubutun bai tsaya ba, ya ma koma cikin wayar salula.

Abin da ya fi kama da mafita a hannun matan kansu ya fito. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi: mata su haɗu, su zuba kuɗi duk mako cikin akwati, su ranta wa junansu, su raba a ƙarshen zagaye. Daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashen Afirka da dama. Rabi da hannunta kaɗai ta tashi. Wadda ke cikin irin wannan ƙungiya, ranar da takardar saki ta iso, tana da inda za ta ranci kuɗin buhun shinkafa da itacen girkin farko.