Numfashi Ba Jini Ba Ne

A shekarar 1954 ne Robert Borkenstein, wani jami'in 'yan sandan jihar Indiyana ta Amurka, ya ƙera na'urar gwajin numfashi. Tun daga nan gardama tsakanin ɗan sanda da direban da ake zargi da shan barasa ta ragu: direba ya hura iska, na'ura ta nuna lamba. Alfanun wannan ba ya ɓoyuwa. Sai dai lambar ba ta isa a ɗauke ta tamkar hukuncin alƙali ba.

Barasar da ke gusar da hankali a cikin jini take, na'ura kuwa numfashi take aunawa. Yayin da jini ke ratsa huhu, wani kaso na barasa yakan shiga iska, daga nan ne ake ƙiyasta na cikin jini. A Amurka ana lissafin cewa barasar da ke cikin mililita 2,100 na numfashi daidai take da ta mililita 1 na jini. A Birtaniya kuwa 2,300 ake ɗauka. Wannan saɓani kaɗai ya isa shaida cewa adadin matsakaici ne, jikin kowa da nasa. Zazzaɓi yakan ɗaga lambar. Haka ma ragowar barasa a baki, ko da ta maganin kuskure baki ce, shi ya sa ake dakatawa kamar minti 15 zuwa 20 kafin gwaji.

Ingila, wadda ta kafa iyakar miligiram 80 cikin mililita 100 na jini a 1967, ta bi hanyar da ta dace. Gwajin bakin hanya ya daɗe yana zaman dalilin kama mutum kawai; a ofishin 'yan sanda ake sake gwaji har sau biyu da babbar na'ura, a yi aiki da lambar da ta fi ƙanƙanta. Iyakar numfashi maikirogiram 35 ce, amma ba a cika gurfanar da wanda bai kai 40 ba.

Babban haɗarin ma ba daga kimiyya yake ba, daga sakaci yake. A 2018 kotun ƙolin jihar New Jersey ta ƙi amincewa da sakamako sama da 20,000, domin jami'in da ke saita na'urorin ya tsallake mataki guda: bai yi amfani da ma'aunin zafin da aka wajabta ba. Babu shakka a cikinsu akwai mashaya na gaske da suka sami mafita, akwai kuma waɗanda suka riga suka rasa lasisin tuƙi bisa lambar da ba a tabbatar da ita ba.