Kunci, Kunchi ko Ghari: wa zai gaya wa kwamfuta gari ɗaya ne?

Mutumin Shuwaki ko na Gwarmai ba ya ruɗewa in an ce Kunci, ko an rubuta Kunchi, ko an kira Ghari, sunan da gwamnatin Kano ta raɗa wa ƙaramar hukumar a 2024. Ya san gida ake nufi. Kwamfuta kuwa, in ba a faɗa mata ba, ƙananan hukumomi uku za ta ƙirga.

Ana faɗa mata ne a wani ɗan fayil da ake tsarawa tun kafin a zuba komai cikin rumbun bayanai. Fayil ɗin ne ke yanke cewa wannan gurbi na suna ne, wancan na lamba, wannan kuma ba a barinsa fayau. Manhajar ODK, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Washington a 2008, da ita da KoboToolbox da masu tattara bayanai ke yawo da su a waya, duk da irin wannan fayil suke aiki. Shafi ɗaya na tambayoyi, ɗaya na amsoshin da aka yarda da su. Kowace amsa tana da lambar da na'ura ke riƙewa da sunan da mutum ke gani, har da Hausa in an so. In gari ya sauya suna, layi ɗaya za a gyara.

Matsalar ita ce wanda ke rubuta fayil ɗin galibi yana ofis a birni. Sai ya tambayi manomi kilo nawa ya noma, alhali manomin Kunci dami yake ƙirgawa a gona, tiya da buhu a kasuwa. Ma'aikaci ya tsaya a ƙofar gida, rana na dukansa, gurbi ya ƙi karɓar "dami arba'in". Sai ya ƙiyasta wata lamba ya wuce, gobe a kira ta alƙaluman gwamnati.

Haka sunaye. Mamman a gida, Muhammadu a katin NIN, Mohammed a BVN. Ranar rabon taki sai a ce babu shi.

Gyaran ba ya cin kuɗi. Kafin a kulle fayil, a zauna da malamin gona da dagaci da ma'aikaciyar asibitin mazaɓa su duba. Hukumomin Kano su wallafa jerin mazaɓu da ƙauyuka guda ɗaya, kowanne da lambarsa, su wajabta wa duk mai tattara bayanai a jihar amfani da shi.