Baƙon da Ya Je Koyarwa Ya Koma Ɗalibi

Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, na san wani zai yi mamakin ganin maganar 'yan mishan na ɗariƙar Mormon a mujallar Sashen Hausa. A yi mini haƙuri. Aƙidarsu tasu ce, ban zo tallarta ko sukarta ba. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda yaro ɗan shekara 18 yakan bar gidan ubansa, ya komo bayan shekara biyu da wani harshe a bakinsa wanda bai taɓa ji ba a da. Mu da muka ɗauki nazarin harshe sana'a, ya kamata mu tambayi yadda ake yin haka.

Joseph Smith ne ya kafa wannan ɗariƙa a jihar New York ta Amurka a 1830, cibiyarta kuwa tana birnin Salt Lake a jihar Yuta. Saurayi yakan yi shekara biyu a wannan aiki, budurwa kuma wata 18. Babu albashi, shi da iyayensa ne ke ɗaukar nauyin tafiyar, ko jama'ar cocinsu su agaza. Haka nan ba shi ke zaɓen ƙasa ba, takarda ce za ta zo masa ta ce ga inda ya nufa.

Mu ɗauki wanda takardarsa ta ce tsibirin Taiwan, inda 'yan mishan ɗin nan suka fara sauka a 1956. Zai yi kamar mako tara a makarantar horo ta garin Provo yana haddar Sinanci, sa'an nan a sa shi a jirgi. Ranar da ya fara fita titi a Taipei zai gane cewa baƙo ko da ido makaho ne. Sinanci harshe ne mai karin sauti. Gaɓar "ma" in an ɗaga murya tana nufin uwa, in an saukar an sake ɗagawa tana nufin doki. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, tunda ya san bambancin kukan yaro da kukar miya, amma ga yaron da ya tashi da Ingilishi kaɗai wannan babban dutse ne. Za a raɗa masa sunan Sinanci, a rubuta a baƙin allon da yake maƙalawa a ƙirji tare da laƙabin da ke nufin "dattijo". Ga shi nan, dattijo ɗan shekara 18 wanda yaran unguwa ke gyara wa magana.

A tsarin da aka saba, yakan tashi ƙarfe shida da rabi, ya yi addu'a, ya motsa jiki, ya yi karatun littattafansu da na harshe, sa'an nan ya sa farar riga da nakataye ya hau keke. Ba zai komo masauki ba sai wajen ƙarfe tara na dare. Yana da abokin aiki wanda doka ta hana su rabuwa, ko kasuwa za a je tare za a je, kuma bayan kowane mako shida ana iya sauya masa aboki ko gari. Babu zance, babu silima, babu iyo. Rana ɗaya a mako, galibi Litinin, ita ce ta wanki da cefane da aika saƙo gida. Kafin 2019 sau biyu kawai a shekara yake jin muryar mahaifiyarsa a waya. Daga shekarar ne aka yarda da kira kowane mako.

Inda abin ya fi wuya shi ne cikin gidajen mutane. Taiwan ƙasar shayi ce, da shi ake karrama baƙo, ɗariƙarsa kuwa ta hana shayi da gahawa da taba da giya. Mun san dai zo ka ci tuwo ya fi tuwon daɗi. To, yaya za ka ƙi abin da dattijo ya miƙo maka da hannu biyu ba tare da ka kunyata shi ba? Dole yaron ya koyi kalmomin ban haƙuri da sunkuyar da kai waɗanda babu su a littafin nahawu. A falon kuma zai ga teburin da ake ƙona turare don girmama kakanni, ya fahimci cewa wanda ya karɓi kiransa zai sha tambaya wurin danginsa. Yawancin waɗanda ya tsayar a hanya za su ce ba su da sukuni. A ganina wannan ƙin da ake yi masa kullum shi ne babban malaminsa, domin yana kashe masa kunyar yin kuskure.

Ban ce tsarin ba shi da aibi ba. Dokokin da suka tsare yaron su ne kuma suka killace shi. Zai iya ciniki a kasuwa, ya yi wa'azi, amma da wuya ya sami lokacin karanta adabin mutanen ko zama a dandalin wasanninsu. Wanda ya zo da amsa a aljihu kuma ba kullum yake sauraron tambaya ba. Ban kuma manta ba cewa sai a 1978 ɗariƙar ta buɗe wa baƙar fata ƙofar limanci, a shekarar ne kuma 'yan mishan ɗinta suka iso Nijeriya da Gana. Duk da haka harshen yana zama a baki. Jon Huntsman, wanda ya yi wannan aiki a Taiwan yana saurayi, da Sinancin da ya koya can ya riƙe muƙamin jakadan Amurka a ƙasar Sin daga 2009 zuwa 2011.

Yanzu mu dubi kanmu. Tun 1973 ake tura masu digiri bautar ƙasa ta shekara guda domin su san juna. Nawa ne cikin namu suke komowa daga Kudu da gaisuwa goma ta Yarabanci ko Ibo? Wasu tun daga sansani suke neman a maido su gida. Ko a Hausar tamu, ɗalibi yakan rubuta kundi a kan Sakkwatanci ko Gudduranci bai taɓa kwana a ƙauyen masu karin ba. Bargery, wanda ya fara zuwa ƙasarmu a matsayin ɗan mishan, sai da ya yi shekaru yana bin garuruwa yana tambayar mutane kafin ƙamusunsa ya fito a 1934, har yau kuma shi muke buɗewa.

Saboda haka ina roƙon malamanmu su wajabta wa kowane ɗalibi zaman 'yan makonni cikin masu karin harshen da yake nazari kafin a karɓi kundinsa. 'Yan'uwana masu shirin bautar ƙasa kuwa, duk inda takarda ta kai ku ku zauna, ku yi tambaya, ku bari a yi muku dariya. Tafiya mabuɗin ilmi ce, amma ga wanda ya yarda ya zama yaro a garin wasu.