SANIN DOKA: In ɓarawo ya ƙetare iyaka da shanu, wa zai bi shi?

Tsakanin Nijar da Nijeriya akwai iyaka mai tsawon kilomita wajen 1,500. Ta taso daga yamma, wajen Gaya. Ta bi ta kudancin Ƙwanni da Maraɗi da Magarya, har ta kai tafkin Cadi. Turawan Faransa da na Ingila ne suka shata ta. Daga 1906 zuwa 1908 ma'aikatansu suka bi daji suna kafa alamu, har guda 148.

Alamun nan ba su raba dangi ba. Katsinawan Maraɗi da na Katsina tushensu ɗaya. Gobirawan Tsibiri da na Sabon Birni ma haka. Mutumin Ɗan Isa yana cin kasuwar Jibiya, na Ƙwanni yana cin ta Illela. Amma doka ta rabu biyu. Jandarman Nijar ikonsa ya ƙare a bakin iyaka. Ɗan sandan Nijeriya shi ma nan nasa ya ƙare. Ɓarawo kuwa ya san da haka sarai.

YADDA ƁARAYI KE CIN MORIYAR IYAKA

Ɓarayi sukan faɗa wa rugga ko gari da dare, bisa babura, da bindigogi. Su kora shanu su shige daji, kamar dajin Baban Rafi na ƙasar Madarumfa. Kafin rana ta ɗaga, dukiyar tana wata ƙasa. Daga nan a kai ta kasuwa mai nisa, ko a loda ta a mota a yi kudu da ita. Wanda ya yi sata a Nijeriya shi ma yakan gudo Nijar ya ɓoye. Bayan satar shanu, sai kuma satar mutane don a karɓi kuɗin fansa.

A shekarar 2019 abin ya yi tsanani a Sakkwato da Zamfara da Katsina. Dubban mutane suka gudo jihar Maraɗi, akasari ƙasar Gidan Rumji. Mutanen ƙauyuka suka karɓe su, suka raba hatsi da ruwan rijiya da su. Hausawa sun ce, in gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

ABIN DA HUKUMOMI SUKA YI

Sojan wata ƙasa ba ya shiga ƙasar maƙwabta da makami sai da yardar hukumarta. Wannan doka ce ta duniya. Don haka ƙasashe ke ƙulla yarjejeniya tun kafin abu ya faru.

A 1971 Nijar da Nijeriya suka kafa hukumar haɗin gwiwa, mazauninta Yamai. A 2018 sojojin ƙasashen biyu suka yi aiki tare a dazuzzukan iyakar Maraɗi. A watan Satumba na 2019 gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara suka zo Maraɗi, suka zauna da gwamnan jihar, suka sa hannu kan takardar taimakon juna game da tsaro.

A gabas, wajen Difa, matsalar ta Boko Haram ce. Tun 1964 Nijar da Nijeriya da Cadi da Kamaru suka kafa hukumar tafkin Cadi, don sha'anin ruwa da ƙasa. A watan Fabrairu na 2015 Boko Haram ta kai hari Boso da Difa. A wannan shekara ƙasashen tafkin suka ƙarfafa rundunarsu ta haɗin gwiwa, babban ofishinta a Njamena. A watan Maris sojojin Nijar da na Cadi suka ƙetara, suka ƙwace garin Damasak na Nijeriya daga hannun Boko Haram.

Sai dai wannan aiki yana tafiya ne da zaman da ke tsakanin gwamnatoci. Bayan canjin mulki na watan Yuli 2023 a Nijar, an rufe iyaka da Nijeriya har watan Maris 2024. A watan Satumba 2023 Nijar da Mali da Burkina Faso suka ƙulla ƙawancen tsaro na AES. A watan Janairu 2025 ƙasashen nan uku suka fita daga CEDEAO. A watan Maris 2025 Nijar ta janye daga rundunar tafkin Cadi. Duk da haka maƙwabci ba ya ƙaura. Manyan hafsoshin sojan Nijar da Nijeriya sun gana a Yamai a watan Agusta 2024. Ministocin harkokin waje su ma sun gana a Yamai a watan Afrilu 2025.

BAYAN KAMU, SAI SHARI'A

Kama ɓarawo rabin aiki ne. Sauran rabin yana hannun alƙali.

A ce an saci shanu a Madarumfa, an kama ɓarawon a Katsina. Mai kayan da shaidunsa suna Nijar. Ɓarawon da shanun suna Nijeriya. Hanya biyu ce. Ta farko, alƙalin Nijar ya rubuta ya roƙi a miƙo masa mutumin. Ta biyu, a yi shari'a can inda aka kama shi, a aika musu da shaidu da takardu daga nan. Ko wacce aka bi, takarda sai ta bi ta hannun manyan hukumomi. Kotun Nijar da Faransanci take aiki, ta Nijeriya da Ingilishi, saboda haka sai an fassara. Shi ya sa abin ke ɗaukar lokaci.

Don a rage wannan jinkiri ne Nijar da Mali da Cadi suka sa hannu kan yarjejeniyar shari'a a Yamai a 2017. Akwai kuma ƙungiyar ƴan sandan duniya, Interpol, wadda Nijar da Nijeriya duka suna cikinta. Ta nan ake aika sunan wanda ake nema da kamanninsa. Laifin ta'addanci kuwa, tun 2011 aka ware masa alƙalai na musamman a Yamai.

Amma duk yarjejeniyar da aka ƙulla, alƙali ba ya hukunci sai da shaida. In babu shaida, dole ya saki mutum, ko da gari duka ya san halinsa. In soja ya ƙwato shanu ɗari, ba a ba kowa sai wanda ya nuna nasa ne. Shaidar nan kuwa ba a ofis take ba. Tana rugga, tana gona, tana kasuwa.

ABIN DA YA RAGE GA MANOMI DA MAKIYAYI

Na ɗaya: kowace dabba a yi mata shaidar gida, ta wuta ko ta kunne. Wanda ya iya rubutu ya samu littafi ya rubuta yawan dabbobinsa, da launinsu, da shekarunsu, da yadda ƙahonsu yake. Wanda bai iya ba, ɗansa ɗan lakwal ko malamin yaƙi da jahilci ya rubuta masa.

Na biyu: a adana takardar allurar dabbobi da takardar ciniki ta kasuwa, inda ruwa da gara ba za su taɓa su ba. Mai gida ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa.

Na uku: mai niyyar ƙetara iyaka da garke ya fara zuwa wurin likitan dabbobi. A 1998 CEDEAO ta fito da takardar kiwo ta ƙetare, mai nuna yawan dabbobi da allurarsu da hanyar da za su bi. Tun da Nijar ta fita daga ƙungiyar, makiyayi ya tambayi takardar da ake nema yanzu kafin ya tashi. Garken da ba takarda yakan jawo wa mai shi zargi, ko da halalinsa ne.

Na huɗu: in an yi sata, a sanar da mai gari ko arɗo da jandarma nan take, ko da tsakar dare ne. A faɗi yawan ɓarayin, da baburansu, da inda suka nufa. Labarin da ya isa da asuba yana iya sa a tare hanya. Wanda ya kwana uku, shanu sun riga sun shiga mota.

Na biyar: kada samari su ɗauki makami su bi sawu har cikin wata ƙasa. Sojan can bai san su ba. Yana iya ɗaukar su ɓarayi.

Na shida: kada a sayi saniya mai araha daga baƙon da ba dillalin da ya san shi. Mai sayen kayan sata doka tana hukunta shi. Da ba mai saye, da ɓarawo ya gaji. Haka wanda ke kai wa ƴan daji mai ko abinci ko labari, shi ma laifin yana kansa.

Na bakwai: laifi na wanda ya aikata ne, ba na ƙabilarsa ba. Makiyayi ya fi kowa sanin daji, manomi ya fi kowa sanin baƙon da ya shigo gari. In suka ɓata, labari ya daina isa ga hukuma. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A fitowa ta gaba wannan fili zai yi bayani kan yadda ake kai ƙara wurin jandarma, da takardar da ya kamata a ba mai ƙara. Allah ya tsare dukiya da rayuka, ya ba da damina mai albarka.