Waiwaye: Ruwan Kamfani, Kumburin Gwiwa da Hujjar da Muke Binnewa

Asibitin Ƙashi na Dala ya fara aiki a 1959, lokacin da Bompai ce kaɗai unguwar masana'antu da Kano ke tinƙaho da ita. Sharada da Challawa daga baya suka zo, suka cika suka batse a shekarun 1970 zuwa farkon na 1980, zamanin da kuɗin mai ke yawo a hannu. Ga masaƙu, ga kamfanonin roba da na sabulu da na alewa, ga kuma uwa uba majemun zamani da suka ajiye bagaruwa suka rungumi sinadarin kurom. Duk wanda ya taɓa bi ta bayan katangunsu ya san abin da ke fitowa ta magudana. Na Bompai yakan bi rafin Getsi ya haɗu da Jakara har madatsar Wasai, na Sharada ya bi Salanta, na Challawa kuma ya faɗa kogin da ya ba unguwar suna. Yau ruwan shuɗi, gobe ja, jibi baƙi wuluk. A bakinsa kuma ake noman latas da kabeji da alayyafo.

Don haka idan saurayi ya tashi da kumburin gwiwa a Panshekara ko Dakata, aka je asibiti aka ce dajin ƙashi ne, ba wuya ka ji an ce ai ruwan kamfani ne. Ruwa ba ya tsami banza, in ji su. Ban ga laifinsu ba. Sai dai abin da likitanci ya tabbatar daban ne, kuma gara a faɗe shi ko da ba zai yi daɗin ji ba. Dajin da ya fi kama ƙashin matasa, wanda likitoci ke kira ostiyosakoma, ciwo ne na lokacin da yaro ke miƙewa, galibi tsakanin shekara 10 zuwa 20, kuma ya fi son kewayen gwiwa, wato ƙarshen ƙashin cinya da kan ƙashin ƙwauri. Ana samunsa a ƙasar da ke da majema da wadda ba ta da ko ɗaya. Abubuwan da aka tabbatar suna jawo shi kaɗan ne: tururin nukiliya, wasu larurori na gado, da wata cutar ƙashi ta tsofaffi. Ɓarnar kurom mai guba da aka tabbatar a huhu take da hanci da fata. Kadmiyom shi ne mai lalata ƙoda ya bar ƙashi ba ƙwari, kamar yadda ya yi wa manoman bakin kogin Jinzu a Japan, abin da gwamnatin ƙasar ta amince da shi a hukumance a 1968. Dalma kuwa a ƙashi take samun wurin zama ta yi shekaru, ita ce ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010.

Wannan ba wanke kamfanoni ba ne. Abin da nake nufi shi ne mun daɗe muna zargi ba tare da mun tara abin da ke mayar da zargi hujja ba. Masana a Jami'ar Bayero da wasu jami'o'i sun auna ruwan Challawa da na Jakara, sun auna ƙasa da ganye da kifi, sun sami ƙarafa masu guba, sun rubuta. A ganina ɓangaren ruwa ya sami rabonsa na bincike. Ɓangaren mutum ne aka bari a baya.

A garin Orenj na jihar Niyu Jazi a Amurka an taɓa yin irin wannan jayayya, kuma yadda ta ƙare shi ne abin dubawa. Daga 1917 wani kamfani ya ɗebi 'yan mata suna shafa wa fuskar agogo fenti mai haske a duhu, wanda aka haɗa da radiyom. Lambobin agogo ƙanana ne, sai aka koya musu su riƙa sa bakin buroshi a leɓe don ya yi tsini, su tsoma a fenti, su shafa, su sake mayarwa baki. Haka ake yi tun safe har yamma. Bayan 'yan shekaru haƙora suka fara zuba, muƙamuƙi ya fara ruɓewa. Wata mai suna Amelia Maggia ta rasu a 1922, aka rubuta a takardar mutuwarta cewa tunjere ne ya kashe ta. Ga rashi, ga ɓata suna. Kamfani ya ce babu ruwan fentinsa, ya kuma sami ƙwararrun da suka goya masa baya.

Wanda ya karya wannan magana ba lauya ba ne, ba kuma ɗan jarida ba. Harrison Martland ne, likitan binciken gawa na gundumar. A 1925 ya auna numfashin waɗanda ke raye, ya binciki ƙashin waɗanda suka mutu, ya nuna cewa radiyom ɗin da suka haɗiye ya bi hanyar sinadarin gina ƙashi ya zauna a ciki, yana ƙona ɓargo daga ciki dare da rana. A 1927 aka tono gawar Amelia Maggia. Ba a sami alamar tunjere ba, ƙasusuwanta kuwa da aka ɗora a kan fim ɗin hoto cikin duhu sai suka bar tabo. A 1928 kamfanin ya sasanta da Grace Fryer da abokan ƙararta huɗu a kan dala 10,000 kowacce, da dala 600 duk shekara. Martland bai tsaya nan ba. Ya ci gaba da bin matan, kuma tsakanin 1929 da 1931 ya ba da rahoton cewa waɗanda suka tsallake ruɓewar muƙamuƙi sun fara fitowa da dajin ƙashi, shekaru bayan sun bar aikin. Da bai riƙe sunayensu da sana'arsu ba, da kowacce ta mutu a garin da aure ya kai ta, a ce ajali ne, a wuce wurin.

A daidai wannan zamani wani likitan fiɗa na Bostan, Ernest Codman, ya fara rajistar dajin ƙashi a 1920 tare da James Ewing da Joseph Bloodgood. Ya nemi likitocin Amurka su aiko masa da tarihin maras lafiya da hoton ƙashi da yankin tsokar da aka duba. Abin da ya fara bayyana shi ne da yawa daga abin da aka kira daji ba daji ba ne. An yanke ƙafafu a kan ƙarin da kankarewa ta ishe shi. Wannan darasi har yau yana nan daram a Kano, domin abubuwan da ke kumbura ƙashi a wurinmu suna da yawa: ruɓar ƙashi mai daɗewa, musamman ga masu sikila, tarin fuka da ya sauka a ƙashi, ƙari marar yaɗuwa, dajin nono ko na mafitsarar maza da ya yi tsalle zuwa ƙashin baya. Hoto yana ba da haske, amma ba shi ke yanke hukunci ba.

Hukuncin a wani ɗaki ake yanke shi da yawancin marasa lafiya ba su taɓa gani ba. Ɗan yankin da likita ya ciro, wani lokaci bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ana jefa shi nan take a kwalbar fomalin don kada ya lalace. Tun da ƙashi ne, wuƙa ba za ta ci shi ba, sai a jiƙa shi a ruwan asid na kwanaki har ya yi laushi. Shi ya sa sakamakon ƙashi ya fi na sauran gwaje-gwaje jinkiri, dangi su yi ta sintiri suna zaton an manta da su. Daga nan a tsane ruwansa, a dasa shi a cikin kaki, a sa a na'ura ta fere shi sirara har ya fi fatar albasa, a shimfiɗa a kan gilashi, a rina da launi biyu, shuɗi mai duhu da ruwan hoda. Sai likitan tsoka ya sunkuya a kan madubinsa. Idan ya ga ƙwayoyin halitta marasa tsari suna saƙa ɗanyen ƙashi a tsakaninsu, ostiyosakoma ce. Idan ƙananan ƙwayoyi ne shuɗɗa cunkus, tunaninsa ya tafi ga dajin da Ewing ya bayyana a 1921, wanda kan zo da zazzaɓi har a ɗauka ruɓar ƙashi ce. Kowanne da maganinsa. Kafin shekarun 1970, da yanke ƙafa kaɗai, kusan mutum 1 cikin 5 ne ke tsira daga ostiyosakoma, domin ciwon ya riga ya aika 'ya'yansa huhu. Da aka haɗa fiɗa da allurar daji, adadin ya kai 60 zuwa 70 cikin 100 ga wanda aka kama nasa bai yaɗu ba.

To mu a nan, ta ina yaron ke bi kafin ya isa wannan ɗaki? Yawanci da ƙwallo ake farawa. An buge shi a fili, gwiwa ta yi ciwo, a ce targaɗe ne, a kai wa mai ɗori. Masu ɗori sun iya karaya, wannan ba a musu, amma ƙari ba karaya ba ne. A ɗaure, a shafa, kumburi ya ƙaru, a ce a yi sakiya ko tsaga, wani ya ce jifa ne. Wata uku, wata shida. Ranar da aka iso Dala ko Asibitin Malam Aminu Kano, likita ya ce zai ɗebi ɗan nama a gwada, nan ma wani cikas ne.

"Likita, ai an ce daji ba ya son ƙarfe."

"Baba, ba mu ma tabbatar daji ne ba tukuna. Gwajin ne zai faɗa mana."

"To bari mu je gida mu yi shawara."

Da yawa daga wannan shawara ba su dawowa. Waɗanda suka dawo kuma, idan ta kai ga yankewa, dangi kan nemi a ba su ƙafar su binne, yadda addini ya koyar a girmama jikin ɗan Adam. Ba na ganin akwai saɓani tsakanin wannan da bincike, domin abin da ɗakin gwaji ke bukata kaɗan ne, sauran a naɗe a kai makwanci. Magana ce da malamai da likitoci za su iya daidaitawa a zama ɗaya. Binciken gawa kuwa, irin wanda Martland ya dogara da shi, ba al'adarmu ba ce, kuma ba na sa ran za ta zama. Wannan ne ya sa ɗan yankin da ake ɗiba tun mutum na da rai ya fi daraja a wurinmu fiye da a Amurka. Shi ne kusan hujja ɗaya tilo da za ta rage.

Ba daga sifiri muke tashi ba. Rajistar ciwon daji ta Ibadan tana nan tun 1960, George Edington ya kafa ta. Likitocin Zariya sun wallafa nazari a kan ire-iren ƙarin ƙashi da suka gani a ɗakin gwajinsu. A 2008 likitocin Asibitin Malam Aminu Kano suka fitar da nazarin shekara 10 na rajistar Kano, daga 1995 zuwa 2004, inda dajin bakin mahaifa da na nono suka yi gaba a mata, na mafitsara kuma yana cikin na sahun gaba a maza. Aiki ne mai kyau. Amma rajistar asibiti wanda ya iso kawai take ƙirgawa, kuma abin da aka rubuta a takardar da ta rako kwalba shi kaɗai take sani.

Ɗauki dajin mafitsarar nan. A ƙasar Hausa kowa ya san alaƙarsa da tsargiya. Amma tun 1895 wani likitan Jamus, Ludwig Rehn, ya lura da shi a jikin ma'aikatan kamfanin rini, kuma daga baya aka tabbatar wasu sinadaran rini suna haifar da shi bayan shekara 20 ko fiye. A ƙarƙashin madubi, irin da tsargiya ta fi jawowa da irin da sinadari da taba suka fi jawowa kamanninsu daban. Kano gari ne da dubban mutane suka yi ƙuruciyarsu a masaƙun Bompai da Sharada kafin yawancinsu su durƙushe. Yau dattawa ne, wani yana gadi, wani yana tireda, wani ya koma gona. Idan ɗayansu ya zo da fitsarin jini aka rubuta sana'arsa "manomi", shekarun da ya yi a gaban tukunyar rini sun ɓace ke nan daga lissafi. Haka wanda ya yi shekaru yana juya ɗanyen ƙirgi a gangar kurom ba safa ba takunkumi, sannan ya zo da tari ko toshewar hanci.

Gyaran bai kai tsadar na'urar gashin daji ba. Layi uku ne a takardar neman gwaji: wane aiki ka taɓa yi, shekara nawa, a wace unguwa ka zauna. Sai a adana dunƙulen kakin nan da lambarsa a inda zafi da ɓera ba za su kai ba, domin tsokar da ke cikinsa takan yi shekaru gommai ana iya sake fere ta a duba da sabuwar dabara. Sai kuma asibitocin birnin, na gwamnati da masu zaman kansu, su riƙa zuba nasu a rajista guda. Kamfanonin Challawa da Sharada da Bompai, ta bakin ƙungiyarsu, su ne ya kamata su fara sa kuɗi a wannan, domin rajistar da za ta iya kama mai laifi ita ce kuma za ta wanke marar laifi.

Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi diyya ga cutar da aka ɗauka a wurin aiki, kuma ta ɗora wa masu kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun hukumar inshorar ma'aikata, wato NSITF. Amma tsohon lebura da zai nemi haƙƙinsa a ƙarƙashinta sai ya nuna cewa ya yi aikin, ya nuna sunan ciwon da sa hannun likita, ya kuma nuna alaƙar da ke tsakaninsu. Wanda aka ɗauka aikin yini a bakin get ba takarda, aka yi masa magani ba gwajin tsoka, bai da ko ɗaya daga cikin ukun.