Gashin Ƙari a Ƙwaƙwalwar Mai Juna Biyu: Me Ke Kaiwa ga Ɗan Tayi?

Ƙari a ƙwaƙwalwa ba ciwo ba ne da ake yawan samu ga mai juna biyu, amma idan ya zo yakan shigo a ɓoye. Ciwon kai da amai sun yi kama da laulayin ciki, faɗuwa da sandarewa kuma sun yi kama da jijjigar masu ciki. A ƙauyukan Doguwa da Tudun Wada na jihar Kano, inda hawan jini ne abu na farko da ma'aikaciyar awo za ta zarga, ana iya shafe makonni kafin a tura mace hoton kai. Wani irin ƙari da ke tsirowa a fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa ma yakan ƙara girma a lokacin goyon ciki. Hoton MRI ba ya amfani da hasken da ke ƙona ƙwayoyin jiki, shi ya sa aka fi son sa ga mai ciki. Hoton CT na kai kuwa abin da yake kaiwa ga mahaifa bai taka kara ya karya ba.

Idan ƙarin mai tafiyar hawainiya ne, likitoci sukan ba da maganin rage kumburi su jira haihuwa. Idan tiyata ta zama dole, an fi son tsakiyar ciki. Mai saurin yaɗuwa ne ke tilasta gashi, wato harba wa ƙarin hasken da ke ƙona ƙwayoyinsa, kuma a nan dangi ke tsayawa cak, suna tambayar ko hasken zai ƙona yaron.

Ana auna ƙarfin gashi da ma'aunin gire, kowane gire ɗaya miligire 1,000 ne. Mugun ƙari na ƙwaƙwalwa yakan ci kimanin gire 60, a raba shi zama 30, kwana biyar a mako, tsawon mako shida. Hasken kai ake saita wa, bai nufi ciki ba. Abin da ke isa mahaifa ɓurɓushi ne: wanda ya yoyo daga kan na'urar, wanda ya fallatsa daga ƙarafan da ke daidaita bakin hasken, da wanda ya watsu ta cikin jikin matar kanta. Tazarar da ke tsakanin kai da mara ita ce babbar garkuwa. A galibin gashin kai da aka tsara da kulawa, abin da ɗan tayi ke samu bai kai miligire 100 ba. Wannan adadi yana da muhimmanci, domin a shekarar 2000 hukumar duniya mai ba da shawara kan kariya daga irin wannan haske, ICRP, ta bayyana cewa abin da bai kai miligire 100 ba ba hujja ba ne na zubar da ciki.

Makonnin ciki su ne rabin lissafin. A mako biyun farko bayan shigar ciki, haske mai yawa ko ya ɓarar da shi ko ya bar shi lafiya lau. Daga mako na uku zuwa na takwas gaɓoɓi ke ƙaguwa, nan ne ake tsoron nakasa. Tsakanin mako na 8 da na 15 ƙwaƙwalwar yaron ce ke cikin haɗari mafi girma, kuma an san haka ne daga yaran da ke ciki lokacin da aka jefa bam a Hiroshima da Nagasaki a 1945. Bayan mako na 25 wannan haɗari yakan ragu sosai. Saura batun ciwon daji a yarinta, wanda likita Alice Stewart ta Oksford ta fara jawo hankali a kansa a 1956. Shi ba shi da iyakar da za a ce ƙasa da ita babu komai, sai dai ko a miligire 100, kusan yara 99 cikin 100 ba sa kamuwa. Ya kamata a faɗa wa ma'aurata wannan lissafin ƙarara, da Hausa, kafin su sa hannu.

Rage ɓurɓushin aikin masanin fiziks na asibiti ne. Kafin a kwantar da matar, ana gwada tsarin a kan mutum-mutumi mai siffar jiki, a auna abin da ya isa wurin mahaifa. Ana guje wa harba hasken daga tsakar kai zuwa ƙasa, domin wannan hanya ta miƙe ne zuwa ciki. Ana zaɓar haske mai matsakaicin ƙarfi, a taƙaita lokacin da na'ura ke kunne. Sannan a girka wata 'yar gada a saman cikin, a ɗora mata faifan dalma mai kauri da nauyi. Wannan kan rage kusan rabin abin da zai isa. Rigar dalmar ɗakin hoto ba ta wadatar a nan. Ana liƙa ƙananan na'urorin awo a saman mahaifa, da cibiya, da mara, kuma a riƙa sake awon, tunda ciki ba ya tsayawa wuri ɗaya: a mako na 20 saman mahaifa yana daidai cibiya, kafin a gama mako shida na gashi ya haura ya matso kusa da kai.

Duk wannan yana buƙatar a san akwai cikin. Kunya, musamman ta cikin fari, kan sa mace ta yi shiru a gaban miji ko suruka, alhali watannin da ake ɓoyewa su ne mafi haɗari. Haƙƙin asibiti ne ya tambaye ta a keɓe, ta bakin mace 'yar'uwarta, ya kuma yi gwajin fitsari kafin zama na farko.

Ga mutumin Riruwai da zai ratsa dajin Falgore, Kwanar Dangora ce mararraba: arewa zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, inda ake tiyatar ƙwaƙwalwa, kudu zuwa asibitin koyarwa na Shika a Zariya, wanda ya daɗe da sashen gashi. Wasu sai Abuja ko Sakkwato. Mako shida a garin da ba naka ba yana nufin masauki, abinci, mai jinya, da yaran da aka bari a gida, kuma katse gashi a tsakiya yana rage amfaninsa. Don haka takardar turawa daga asibitin ƙaramar hukuma ta cancanci ta ɗauki makonnin cikin da sakamakon sikanin, a kuma haɗa matar da likitan haihuwa a can garin da za ta zauna. Gashin da ake yi daga wajen jiki ba ya barin haske a jikinta. Da ta fito daga ɗakin tana iya rungumar 'ya'yanta, ta kwana ɗaki ɗaya da su.