Zaluncin da Muke Yi wa Ɗalibi da Sunan Likitanci

Akwai wata aƙida da ta yi kaka-gida a zukatan iyaye da 'ya'yansu a ƙasar Hausa, wadda ba a karanto ta daga wani littafi ba, ba a kuma ji ta daga bakin wani malami mai tsoron Allah ba, amma duk da haka an riƙe ta kamar nassi: wai ilimin jami'a iri uku ne kacal, likitanci da lauyanci da injiniyanci, sauran kuwa ragowa ce da ake raba wa waɗanda rabonsu bai rantse ba. Wannan aƙida ɓatacciya ce, kuma a ganina ita ce babban musabbabin mutuwar zuciyar da ta addabi ɗalibai da yawa, waɗanda ake ta zargi da lalaci alhali an karya musu gwiwa tun kafin su taka ƙofar makaranta.

A duba yadda al'amarin ke gudana. Yaro ya zauna jarrabawar JAMB, hukumar da tun 1978 ke tsaye a ƙofar jami'o'in Najeriya, ya nemi likitanci domin abin da ya ji ana yabo ke nan a gida; da yake kuwa guraben likitanci ƙayyadaddu ne, masu nema kuma sun ninka su, sai a ba shi aikin gona, ko tarihi, ko ilimin koyarwa. Ranar da labari ya zo, maƙwabciya ta shigo yin barka ta ce, "Me aka ba shi?" sai uwa ta sassauta murya ta ce, "Wai aikin gona, amma zai canja in Allah ya yarda." Yaron yana zaure yana ji. Da wannan kalma zai tafi Zariya ko Kano ko Sakkwato, ya zauna a bencin ƙarshe na ɗakin lacca, tsofaffin tambayoyin JAMB suna ƙarƙashin littafinsa, jikinsa a wannan sashe, zuciyarsa a wancan, har shekara ta biyu ta same shi da darussan da ya faɗi a wuyansa. Sa'an nan ne za mu ɗauko masa masu jawabin zaburarwa su ce masa ya tashi ya yi himma. Himmar me zai yi a kan abin da mahaifiyarsa ta ji kunyar faɗa?

Malaman Musulunci sun daɗe da warware wannan mas'ala. Imamu Gazali, a cikin Ihya'u Ulumiddini, da ya zo bayanin ilimin da yake farilla ta kifaya, wato wanda in wasu suka ɗauke shi ya sauka daga kan saura, in kuma aka rasa mai ɗauka duk al'umma ta shiga laifi, ya ambaci likitanci da lissafi, ya kuma haɗa su da noma da saƙa a sahu guda, domin ma'auninsa shi ne buƙatar jama'a. To, a auna da wannan ma'auni. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda ta soma aiki tun 1922 kuma ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ita ce ta fitar da irin masara da dawa da wake da manoman Arewa ke shukawa, kuma waɗanda suka yi wannan aiki su ne irin yaran da muke yi wa jaje ranar da aka ba su gurbi. Likita zai ba yaron da tamowa ta kama magani, amma abin da zai hana tamowar dawowa yana hannun masanin iri.

Mazan jiya da muke alfahari da su ma ai malaman makaranta ne. Sardauna ya fito daga Kwalejin Katsina ya koyar a Midil ta Sakkwato, Tafawa Ɓalewa ya koyar a ta Bauci, Malam Aminu Kano ya riƙe alli a Bauci da Maru, Abubakar Imam kuwa daga ajin Midil ta Katsina ya taso har ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939.

Na san hujjar iyaye, kuma ban raina ta ba: talauci gaskiya ne, kuma uban da ya sayar da amfanin gonarsa ya biya kuɗin makaranta yana da haƙƙin ya yi fatan abin da zai dawo. Amma wanda ya fita da sakamako mai rauni a fannin da aka koya masa ƙi, ya yi asarar fannin da arzikin gaba ɗaya, alhali da ya ƙware a cikinsa da an neme shi, domin ƙwararru ƙalilan ne a kowane fanni. Shekarun da ake ɓatawa ana sake jarrabawa, ga yajin aikin malamai irin na 2022 da ya ci wata takwas, duk daga cikin ƙuruciyar yaron ake zaftare su.

Saboda haka nake kira ga malaman sassan da ake rainawa, su daina karɓar sababbin ɗalibai da rabon takardun haddacewa. A makon farko su kai ɗan aikin gona filin gwaji ya ga manomin da ke jiran iri, su kai mai koyon koyarwa firamaren ƙauye ya ga ajin da yara suka cika ba malami, su kai ɗan tarihi Gidan Arewa na Kaduna ya ga tarin takardun da ke jiran mai karanta su. Iyaye kuma, in an tambaye su abin da aka ba ɗansu, su faɗi sunan fannin da ƙarfi yadda zai ji daga zaure.